Kifi Biyu a Ɗakin Baba

Asabar, bayan la'asar

Yaya Kassimu ya tafi Kano sayen taki, ya dawo da kifi. Kifi guda ɗaya, a leda, da ransa. Na rubuta ne don in na karanta gobe in tabbata ba mafarki na yi ba.

Wai taki ya fi ƙarfin aljihunsa, tun da aka ƙara kuɗin mai komai ya haukace, kuma ba zai dawo wa Baba hannu rabbana ba. To ka sayo lemo mana, ko dabino. A'a, sai kifi, don ƙaninmu Mika'ilu yana da kifi.

Tun da masaƙar da Mika'ilu yake wa aiki ta rufe, ya tattaro ya dawo gida da matarsa Asiya, da katifa, da wani akwatin gilashi mai kifin zinariya a ciki. Ya ajiye akwatin a ɗakin Baba. Baba kuwa tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye ba shi da abin kallo sai azarar ɗaki, sai ga ɗan jan abu mai ƙaton ciki yana yawo a gabansa. Ya sa masa suna Gwal. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Allah ya yi wa Mika'ilu albarka. Yaya yana tsakar gida yana ji, shi da ya fi shekara ashirin yana noma gandun gidan nan shi kaɗai.

Na Yaya shuɗi ne, ɗan ƙarami, da jela kamar babbar riga. Mai sayarwa ya ce sunansa beta, ya kuma ce kada a haɗa shi da wani kifi don mafaɗaci ne. Yaya da bakinsa ya faɗa min haka, yana faɗa yana kwance ledar, yana juye shi a wurin Gwal.

Na ce, "Haba Yaya, ba yanzu ka ce kada a haɗa ba?"

Ya ce, "A gidan nan ba a ware kowa. Ko ba haka ba, Baba?"

Baba ya gyaɗa kai, har da murmushi ta gefen bakin da yake motsi.

Lahadi, da hantsi

Ko kwana bai yi ba shuɗin ya fara. Ya buɗe kumatu, ya baza jela, ya bi Gwal lungu-lungu. Gwal da tumbinsa ba ya iya juyawa da sauri, kafin ka ce me an tsinke masa bakin wutsiya. Na ɗauko moɗa zan kwashe shuɗin in sa shi a roba, sai Baba ya buga hannunsa mai lafiya a kan gado. Harshensa ya yi nauyi, amma na ji shi sarai. "Bar su. Za su saba."

Ba na gardama da Baba yanzu. Likita ya ja mana kunne, ya ce in ransa ya ɓaci jininsa ya sake hawa, na biyun ba lalle ya tashi ba. Kuma kowa a garin nan ya san rantsuwarsa, cewa muddin yana numfashi ba za a raba tukunya a gidansa ba. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma da magariba 'ya'yansa maza su zauna su ci tuwo da shi a akushi ɗaya. Gidajen da suka yi rabo a unguwar nan, yanzu gonar kowa in ka tsaya a wannan gefe ka yi tofi sai ya faɗa ta maƙwabci. Da yana da lafiya kullum sai ya nuna mana su a hanyar gona.

Ni dai ban san rantsuwar ta haɗa har da kifi ba.

Litinin, bayan azahar

Batirin sola ya mutu, ɗan injin da yake hura musu iska ya tsaya. Mika'ilu ya duba, ya yi wannan murmushin nasa, ya ce, "Yaya Zulai, sai dai fa a riƙa sauya ruwan kullum." Ya sa hula ya tafi majalisa. A riƙa! Wa zai riƙa? Oh ni Zulaihatu. Na dawo gidan nan bayan rasuwar mijina don jinyar mahaifina, ga ni ina jinyar kifin ƙarti biyu masu gemu.

Ruwan randa nake zuba musu, mai sanyi, irin wanda ake ba baƙo. Kada gobe wani ya ce na yi wa kifinsa rowa.

Laraba, da yamma

Wutsiyar Gwal ta zama tsumma. Hure matar Yaya ta leƙo, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ke Zulai, wallahi mazan gidan nan ne a cikin gilashi." Na ce ta je ta duba wakenta a wuta. Ba na son irin wannan magana a ɗakin Baba.

Amma gaskiya haushin Yaya nake ji. Mutum kullum a murtuke, in ya yi sallama kamar ya zo kama ɓarawo. Jiya don Asiya ta ɗebi itace ba ta tambaya ba ya cika gida da faɗa. Yanzu kuma ya sayo mana halinsa a leda.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, bayan magariba

Sun zauna a akushi. Mika'ilu ya ja hula ya rufe kunnensa na dama, amma audugar ta leƙo. Baba ya nuna da hannu. Mika'ilu ya ce reshen aduwa ne. Yaya bai ɗago kai ba, loma biyu ya yi ya tsame hannu.

Rigar Mika'ilu tana cikin bokiti, na jiƙa ta da omo. Ba na jin jinin zai fita.

Asabar, da safe

An tsinci takalmi ƙafa ɗaya a gonar bakin rafi, irin na 'yan birni, da wata doguwar igiyar awo a yashe cikin dawa. Mai awon gonar da ya zo da mota jiya bai dawo ɗauka ba. Ban san shi ba, ba na son in san shi, ban kuma san wanda ya kira shi ba.

Na san wanda ya kira shi.

Ƙotar fartanyar Yaya ta karye, Hure ta sa ta a murhu tun kafin gari ya waye. Mai unguwa Dabo ya zo, sun shiga zaure su uku. Na ƙure wa Baba rediyo, na zauna ina yi masa hirar kifi kamar wata taɓaɓɓiya. Ta cikin rediyon ma ina jiyo muryar Yaya yana cewa, "Da ransa? Da ran Baba za ka kawo mai awo?"

Lahadi, la'asar

Abincin kifi ya ƙare. Na murje ɗan gero da dusa na barbaɗa musu. Gwal ya share tas, har yana tsotsar tsakuwa.

Talata

Ruwa. Wanki. Kunun Baba. Ruwa kuma. Bayana kamar zai rabe.

Alhamis, da hantsi

Shuɗin ya yi laushi. Ya daina bin Gwal, ya koma bayan dutse ya lafe, ya naɗe babbar rigarsa. Na ce madalla, ka ji jiki ai, ɗan banza. Baba ya dube ni, idonsa har yana ƙyalli, ya ce, "Ban ce miki za su saba ba?" Ya sha kunu kofi guda cur, rabon da ya yi haka tun kafin azumi.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Ban san na mene ne ba.

Lahadi, bayan azahar

An yi abin da aka ce ba za a yi ba. Yaya ya buɗe rumbu da safe, ya auna wa Asiya hatsinta daban a ƙwarya, ya ce daga yau kowa ya san inda nasa yake ƙarewa. Hure ta kafa murhu a bayan ɗakinsu. Asiya ta aro turmi a maƙwabta.

Sai ga su sun zo min ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ce, "Zulai, kada Baba ya ji." Mika'ilu ya ce, "Yaya Zulai, don Allah kada Baba ya sani." A kan wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya! Su za su yi aika-aika, ni zan rufe. Yanzu da yamma in karɓi malmala wurin Hure, in karɓi malmala wurin Asiya, in haɗa a akushi, in gauraya miya biyu a kwano, su kuma su shigo su zauna gefe da gefe kamar mutanen kirki. Allah na tuba.

Litinin, magariba

Miyar Asiya gishiri, ta Hure daddawa. In aka haɗa ba ta da suna. Baba dai ya ci.

Laraba, bayan na dawo daga Tsanyawa

Na je sayo wa Baba magani, na ba da wayata caji, na samu sabis, sai na ce bari in bincika abin da ke damun ɗan banzan kifin nan, don jiya na ga launinsa ya koɗe, jelarsa ta yayyage. Da ban bincika ba!

Ashe shi ruwa mai ɗumi yake so. Gwal ne mai son sanyi. Ni kuwa kullum sai na kamfato masa daga ƙasan randa, ina ganin karamci nake yi. Ashe ba ya cin gero, nama yake ci, 'ya'yan sauro da ƙananan tsutsotsi. Ko da yana ci ma, ina zai samu? Kafin ya motsa Gwal ya haɗiye komai. Ashe kashin Gwal ne yake ɓata ruwan da wuri, shi yake cutar da ƙaramin. Jelar ma Gwal ne yake tsotsa, yana zaton abinci ne, ba da mugunta ba, shi dai bakinsa ba ya hutawa. Wanda ya rubuta ya ce ba a haɗa su ko kaɗan, in an haɗa ɗaya zai wahala, kuma ba lalle ne wanda ake zato ba.

Ba sabawa suka yi ba. Mutuwa yake yi a bayan dutse, mu kuma muna murna an zauna lafiya.

A mota na dawo an cusa mu kamar buhuna, wata ta ɗora min kaji a cinya, ban ma ji ba.

Alhamis, da safe

Na shanya ruwa a rana ya yi ɗumi, na zuba a roba, na kwashe shi tun Baba bai farka ba. Na tsamo masa 'ya'yan sauro a fasasshiyar tukunyar da ke bayan bayi. Ya ci! Ya yi tsalle ya cafke kamar wanda ya fito daga kurkuku.

Baba ya farka, ya duba gilashi, ya duba, ya dube ni. Na ce na kai shi shan iska ne. Ya juya fuska bango. Kunu ya huce, ya ƙi sha. Magani ma ya datse baki.

Na mayar da shi.

Juma'a, la'asar

Ga tsarin da na koma, don duk wanda ya tsinci takardar nan ya san yadda hankalina ya tafi. In Baba ya yi barcin azahar, in lallaɓa da moɗa in kwashe kifi, in kai shi ɗakina ya ji ɗumi ya ci abinci. In na ji tarin Baba, in ruga in mayar. Mace mai takardar koyarwa, tana sanɗa da kifi a moɗa a gidan ubanta.

Asabar, bayan azahar

Na tarar da Yaya a gindin rumbu yana ɗaura sabuwar ƙota. Na zo ne in zazzage masa, in ce shi ya jawo mana duk wannan. Sai na ga wuyansa. Yaushe ya rame haka? Hure ta ce tun da bakuna suka ƙaru a gidan ya daina karyawa, da ruwa yake tafiya gona, lomar akushi ita ce abincinsa.

Na ce, "Yaya, kifinka ba shi da lafiya."

Ya ce, "Na gani." Ya ci gaba da buga ƙota. Can ya ce, "Ni ba ni da bakin Mika'ilu, Zulai. Shi ko ci ya yi sai an sa masa albarka. In aka yanki bakin rafi aka sayar, da me zan ciyar da Baba? Da tudun da ko gyaɗa ba ta yi sai da taki?"

Na juya zan tafi, sai ga Mika'ilu a bakin zaure, ya ji komai. Ya miƙo min tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Ya ce, "Na gwada, Yaya Zulai. Ni ba manomi ba ne. Kowace loma da ido ake raka ta har cikina. So nake in samu abin da zan kama sana'a, in daina zama kaya."

Wallahi da zan samu mai gaskiya guda ɗaya a cikinsu da na huta. In tsine wa ɗayan in yi barci.

Litinin

Shuɗin ba ya samun sauƙi. Kai-kawon ma wahalar da shi yake yi. Yau a gicciye na same shi.

Talata, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Na shiga da sanɗa kamar kullum, na kwashe shi, har na kai bakin ƙofa.

"Zulai."

Saura kaɗan moɗar ta faɗi. Idonsa biyu, ashe bai yi barci ba. Na fara kame-kame, wai ruwan zan sauya.

Ya ce, "Kar ki dawo da shi."

Na tsaya.

Magana tana yi masa wuya, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita, yawu yana zuba, ina gogewa. Ya ce, "Turmi biyu nake ji. Na Hure da nauyi. Na yarinyar nan da sauri-sauri. Jikina ne ya mutu, ba kunnena ba." Ya huta. "Miyar ma biyu ce."

Na durƙusa da moɗa a hannu, na ce, "Baba, ka yafe mana."

Ya ce, "Wa ya fasa wa yaron nan kunne?"

Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon jijiyar goshinsa, ina jiran abin da likita ya faɗa. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai.

Ya ce, "Kira min Dabo."

Na ce, "Baba, rantsuwarka fa?"

Ya ce, "Zan yi kaffara. Gara in yi kaffara da in yi jana'iza."

Alhamis, da yamma

A amalanke aka kai shi gona, na tallafe masa kai da filo. Rabin unguwa sun biyo mu, masu zuwa shaida da masu zuwa kallo. Da hannu ya riƙa nunawa, mai unguwa Dabo yana faɗa da ƙarfi, ana dasa gamba a kan iyaka.

Bakin rafi na Yaya. Ta bakin titi ta Mika'ilu, in zai sayar sai ya fara yi wa ɗan'uwansa tayi a gaban mai unguwa. Dawar da ke tsaye ta kowa ce har a girbe. Ni kuma aka yanka min 'yar siririya a tsakiyarsu. A tsakiya! Ko a rabon gona ma ni ce mai shiga tsakani. Na buɗe baki zan yi magana, na ga fuskar Baba, na rufe.

Yaya ne ya tura amalanken har gida, ya ƙi bari kowa ya kama masa. Mika'ilu yana biye da takalman Baba a hannu.

Gobe za a dafa abincin kaffara. Hure da Asiya har sun fara musu a kan tukunyar wa.

Juma'a, da hantsi

Shuɗin yana wata ƙatuwar kwalba a ɗakin Yaya, kusa da taga. Yau ya baza jela ya yi wa inuwarsa barazana. Zai rayu, ɗan banza.

Juma'a, bayan magariba

Kwano biyu aka kawo. Hure ta kawo nata da murfi, Asiya ta kawo nata da faifai, kowacce ta durƙusa ta ce ga na Baba. Mazan kowa yana sashensa yana ci da iyalinsa, haka ake yi in an raba, ba wanda ya yi laifi.

Na jera su a gabansa. Ya ɗaga hannu, ya kai wajen na Hure, ya tsaya. Ya kai wajen na Asiya, ya tsaya. Ya san duk wanda ya fara taɓawa kafin isha'i labari ya kai ɗaya sashen. Ya mayar da hannun kan cinya.

Ya ce in saki labule, in juye su a akushi. Na juye. Ya yi bisimilla, ya yi loma ɗaya, ya dubi tabarmar da suke zama, ya daina taunawa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba yana cin abinci shi kaɗai ba.

A gidan nan mace ba ta sa hannu a akushin maza. Na wanke hannuna, na zauna a kan tabarmar, na gutsiro.

Ya dube ni. Sai ya turo min akushin kusa.